Yashin da Ya Tafasa a Bayan Masallacinmu

Shekarar da rana ta yi husufi, gari ya yi duhu da hantsi har kaji suka nufi makwancinsu, a shekarar ne na ɓata da Alhaji Seidu. Duk wanda yake Accra a lokacin ya san ranar da nake nufi. Mun yi sallar husufi a masallacinmu na Maamobi, yara suna ta kaɗa gwangwanaye a lungu duk da an hana su. Da aka sallame haske ya dawo, sai liman ya ce kada kowa ya tashi, akwai maganar ruwan alwala. Daga wannan zaman abin ya faro. Ina rubuta shi ne domin na san abin da ya kai kunnenku tun kuna ƙanana, wai ubanku ya ƙwace aiki daga hannun wanda ya yi masa riga da wando. Ba ku taɓa tambayata ba, na kuma gode da wannan kunya taku. Amma gara ku ji daga bakina, da inda na yi daidai da inda na kauce, tun mai rai bai karɓi abinsa ba.

Alhaji Seidu mutumin garin Wa ne, can arewa, birkila, kuma a zamaninsa daga Nima har Kotobabi babu wanda ya kai shi iya jera bulo. Shi ya tsince ni a tashar mota ta Tudu ina ɗan dako, ban fi wata uku da zuwa daga Nijar ba, ba ni da kowa sai Allah. Na sauke masa siminti daga mota ban fasa buhu ko ɗaya ba, ya dube ni sama da ƙasa ya ce gobe in same shi a Maamobi. Ya ba ni wurin kwana, ya koya mani riƙe cokalin gini da igiyar awo, shi ya tsaya mani a matsayin uba ranar da na auri mahaifiyarku, shi ya sa yayanku yake ɗauke da sunansa. Leburori suna ce masa Massa, wato maigida, ni Baba nake ce masa, shi kuma bai taɓa kirana da komai ba sai Garba Nijar. Shekara ashirin da biyu ina ƙarƙashinsa ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba.

Abin da ban cika faɗa masa ba shi ne, kafin in zama birkila ni ɗan mahaƙin rijiya ne. Kakanku Malam Abdu, Allah ya jiƙansa, da damina yana noma yana karantar da mu, da rani kuma yana haƙa wa ƙauyuka rijiya a cikin dallol, wato kwarin nan mai rairayi inda kogi ya mutu a sama amma yana raye a ƙasa. A wurinsa na koyi cewa yashin da ke cikin ruwa daban yake da yashin tudu. Yakan ce, ɗaga dutse a cikin tafki ka ji yadda yake da sauƙi. To kowace ƙwayar yashi haka take a ƙarƙashin ruwa, nauyinta ya ragu, ƙwaya tana jingine da ƙwaya ne kawai, ruwa kuma yana bin tsakaninsu a hankali. Muddin a hankali yake tafiya, yashin nan zai ɗauki gida ya riƙe shekara ɗari. Amma idan ka kwashe ruwan cikin rami da garaje, na waje ya fi na ciki tsayi, sai ya turo daga ƙasa da ƙarfi don ya cike gurbin, ya ɗaga ƙwayoyin ya raba su da juna. A nan ƙasar da ka taka jiya take zama kunu. Akwai maganar da yakan maimaita duk ranar da muka kai ga ruwa:

"Ruwa ba ya shigowa hannu rabbana. In ka kira shi da gaggawa, da ƙasar maƙwabcinka zai zo."

A shekarun nan famfon unguwarmu yakan yi mako bai ɗiga ba. Mata su wuni a layi da jarkoki a wani gida da ke sayarwa, masallata uku su raba buta ɗaya. Shawarar da aka yanke ranar husufi ita ce a haƙa rami a bayan masallaci, a zuba kankare ya zama tankin ƙasa, duk ranar da famfo ya kawo a cika shi. Aka damƙa aikin a hannun Alhaji Seidu, babu wanda ya yi tunanin wani. Filin kuwa ɗan tsiriri ne, bai fi taku takwas ba tsakanin bangon masallaci da gidan Mma Fati. Ita Mma Fati tsohuwa ce mutumiyar Salaga mai sayar da koko da ƙosai, mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki huɗu a ɗaki biyu na ginin ƙasa da aka shafe da siminti. Gadon jikokin yana manne da bangon da ke fuskantar ramin.

Gayya aka yi. Farko jar ƙasa muka cire, sannan laka mai ruwan toka. A rana ta huɗu, da ramin ya kai gaba biyu, sai shebur ya shige farin yashi mai laushi, jiƙaƙƙe sharkaf. Tsofaffin unguwa suka ce ai kafin a yi gidaje wani rafi ne ke bi ta nan yana gangarawa babbar kwata. Da safe muka tarar da ruwa har gwiwa, garai-garai kamar idon zakara. Alhaji Seidu ya aika aka ɗauko hayar injin jan ruwa.

Ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne abin da gari bai sani ba. Ran nan bayan la'asar na same shi a ƙofar gidansa shi kaɗai yana wanke ƙafa, na durƙusa na ce:

"Baba, yashin nan ba zai yarda da inji ba. A bar ruwan a ciki, a yi aikin da shi."

Ya yi dariya har ya ajiye butar.

"Ei, Garba Nijar! Yashin ne ya gaya maka? Nan Accra ne, ba dajinku ba. Kwana biyu in busar da shi, in zuba kankare, magana ya ƙare."

Washegari inji ya yi ta aiki tun safe. Na lura ruwan da yake fitowa daga bakin tiyo ba garai yake ba kamar jiya, ya yi fari kamar ruwan tsakin gero. Na tara bokiti guda na ajiye a inuwa, na je na yi azahar, na dawo na tsiyaye a hankali. Yashi ne kwance a gindin bokitin, kaurin yatsa uku. Na ɗauka na ja Alhaji Seidu gefe, bayan tulin bulo inda ba mai jinmu.

"Baba, dubi wannan. Bokiti ɗaya ke nan, inji kuwa tun safe yake zubarwa. Ramin bai ƙara zurfi ba, ke nan ba daga ramin yashin ya fito ba. Daga ƙarƙashin ɗakin Mma Fati yake fitowa."

Ya sa yatsa ya murza yashin, ya sake murzawa, har na ce a raina ya karɓa. Can ya goge hannu a wandonsa.

"Na riga na gaya wa kwamiti ranar Juma'a za a zuba. Gemuna a aikin nan ya yi fari. Kai je ka haɗa katako."

Na koma gida da yamma na tarar da mahaifiyarku tana tankaɗen garin tuwo. Kun san halinta, ba ta ɗago ba ta ce fuskata ba ta gida ba ce. Na zayyana mata. Ta ci gaba da bugun rariya, sannan ta ce:

"Malam, ka faɗa sau biyu, ka fita hakki. Mutumin nan a inuwarsa muke. In ka ƙara, me za mu gaya wa mai sunansa?"

"In bangon ya faɗa wa jikokin Mma Fati fa?"

"Allah ya kiyaye."

"Allah mai kiyayewa ne. Amma ya ba ni sanin abin, zai kuma tambaye ni."

"To ka je wurin liman mana. Shi ya gaya masa."

Na ƙi. Na ga kamar kai ƙarar uba ne a bayan idonsa. Yau da nake zaune na san shawararta ita ce daidai, da na bi ta da an kashe wutar tun tana ƙarama. Wannan shi ne kuskurena na farko, na kunyar da ba ta da amfani.

Ranar Alhamis da hantsi inji ya kusa ƙafar da ramin. Mu huɗu muka sauka za mu jera katako. Ina taka ƙasa na ji ta motsa kamar na taka cikin saniya. Na duba tsakiyar ramin, sai ga yashi yana ɓulɓulowa wuri uku, kowanne ya yi ɗan tudu da rami a kansa, yana tafasa kamar talge a tukunya alhali ruwan sanyi ƙalau. Na ajiye rabin bulo a kusa da ɗaya, ina kallo ya nutse ya ɓace. Wani lebura ya ja ƙafarsa da ƙyar ya bar takalminsa a ciki, sauran suna yi masa dariya. Ana cikin haka sai muryar Mma Fati daga sama:

"Alhaji Seidu! Wane ne ya taɓa mani ƙofa? Jiya lafiya lau na rufe, yau na tura na tura ya ƙi shiga!"

Jin haka na gane abin da ya faru. Ƙofa ba ta ƙin rufuwa sai bango ya sauka. Na ce wa mutanen ramin su fita, na hau tsani a guje. Ga tsaga nan a bangonta, siririya kamar zare, daga ƙasan taga ta gangaro har tushe, siminti yana ɗan zubowa. Na nuna wa Alhaji Seidu. Ya gani sarai, amma mutane sun taru, 'yan kwamiti biyu suna tsaye a bayansa. Ya ce a ƙara wa inji wuta, a kwaɓa kankare yanzu-yanzu a danne yashin kafin azahar.

Ban san lokacin da na isa ga injin ba. Na yi bisimilla na kashe shi. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar yashin nan a ƙasa, ɓul, ɓul. Na juya wajen matan da ke dawowa daga layin ruwa da jarkoki a ka, na ɗaga murya na ce kowace ta juye ruwanta cikin ramin, a kuma fitar da yara daga ɗakin Mma Fati. Ku tuna, ruwa ne da suka yi sammako suka saya. Suka tsaya suna kallona kamar wanda ya taɓu. Wata ta ce:

"Ei, Malam Garba, jiya ana biya a fitar da ruwa, yau mu biya mu mayar?"

Mahaifiyarku tana cikinsu. Ita da ta ce in yi shiru, ita ce ta fara matsowa bakin ramin, ta sauke jarkarta, ta buɗe, ta juye har ɗigon ƙarshe. Sai ta bayanta ta bi, sai ta bayanta. Mma Fati ta turo ganga biyu na ruwan kokonta. Samari suka kwaso na randunan masallaci. Duk abin da na yi a rayuwata, babu inda na ji kaina ya kai tsayin da ya kai a wannan lokacin, ina kallon mahaifiyarku tana girgiza jarkar.

Alhaji Seidu ya zo ya tsaya a gabana.

"Garba. Ni za ka kashe wa inji? Ni da na ɗauko ka a Tudu da gammo a kai?"

Da na ce masa, Baba yi haƙuri, mu tsare bangon tukuna, da shi ke nan. Amma jinina ya hau, ga idon jama'a, sai shaiɗan ya ari bakina. Na ce:

"Baba, siminti ka sani. Ƙasa kam ba ka san ta ba."

Wani ya yi dariya a baya. Wannan dariyar har yau ina jinta. Alhaji Seidu ya juya. Ya sunkuya ya tattara cokalinsa da igiyarsa da ma'aunin ruwansa ya zuba a jaka, ya bi lungu ya tafi. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko girma.

Ramin kuwa, da ruwa ya kai gwiwa tafasar ta ragu, da ya kai ƙugu ta tsaya cak. Na ciki ya danne na waje, babu mai tura wani. Na shafa ɗanyar laka a kan tsagar bangon don in ga ko za ta ƙara buɗewa. Har magariba lakar ba ta tsage ba, washegari ma haka.

Kwamiti suka ce in ƙarasa aikin. Kwana biyu ina ƙi, na je gidan Alhaji Seidu sau uku ana ce mani ba ya nan alhali ga takalminsa a bakin ƙofa. Liman ya kira ni ya ce buɗaɗɗen rami cike da ruwa a unguwa mai yara ba abin jira ba ne, wanda ya san magani ya ɓoye kuwa yana da alhaki. Sai na karɓa, bisa sharaɗin za a fasa tanki. Na ce Allah ya ba ku ruwa a ƙarƙashin ƙafarku kuna neman ku kore shi don ku jira na famfo. Rijiya za a yi.

Yadda kakanku yake yi haka na yi, sai dai shi da itace da duwatsu yake yi, ni da zoben kankare. Muka zuba zobba muka bar su suka bushe, muka saukar da na farko cikin ruwan a tsaye. Ni nake shiga, ruwa har ƙirji, ina ɗebe yashin cikin zoben da ƙaramin kwano, a hankali, zagaye-zagaye, zoben yana nutsewa da nauyin kansa, a ɗora wani a kai. Doka ɗaya na kafa: duk kwanon yashi da ya fita, a zuba kwanon ruwa a madadinsa, kada na ciki ya taɓa yin ƙasa da na waje. Samari sun gaji da ni, suka sa mani suna Malam Sannu. Aikin da inji zai yi a wuni ɗaya, mako uku muka yi. Bayan zobban kuma, ta wajen gidan Mma Fati, muka cike da yashi da tsakuwa muna dannawa har ƙasa ta koma yadda take.

Saura gindin rijiyar, a nan sirrin yake. In ka bar farin yashin nan tsirara, duk wanda ya ja guga da yawa zai sake tayar da shi. In ka rufe da siminti, ka rufe ruwan. Sai na ari rariya iri uku, har da ta mahaifiyarku, muka tankaɗe yashin gini da tsakuwa, muka wanke su tas. A kan farin yashin na shimfiɗa yashi mai kauri, a kansa tsakuwa kamar wake, a kanta kuma duwatsu kamar ƙwan zabi. Liman yana tsugune a baki yana kallo, ya tambaye ni dalilin wannan jeri. Na ce masa:

"Allah gafarta malam, ka san lungunan Nima. Akwai wanda mutum zai wuce amma baro ba zai wuce ba. Kowane shimfiɗi lungunsa ya ishi ruwa, amma ya yi wa ƙwayar da ke ƙasansa kaɗan. Ruwa ya hau, yashi ya zauna a gida. In na ɗora manyan duwatsu kai tsaye, lungun ya yi faɗi, yashi zai bi ruwa ya fito."

Ya ce, "Subhanallahi. Ashe har yashi da ƙa'idarsa."

Daga sama muka toshe bayan zobban da laka, muka yi dakali da murfi, don kada ruwan kwata ya sami hanya da damina. Muka bar rijiyar ta huta kwana bakwai ana ɗiba kaɗan-kaɗan ana zubarwa. Ranar Juma'a kafin huɗuba aka jawo guga, aka zuba a farin kwano aka miƙa wa liman a gaban jama'a. Ya duba launi, ya shinshina, ya ɗanɗana a harshe, kamar yadda littafi ya ce. Ya ce babu ɗaya daga cikin ukun da ya jirkita, ruwa ne mai tsarki mai tsarkakewa. Ni kuma na ƙara da cewa na alwala ne da wanki, wanda zai sha ya tafasa, domin cikin gari muke. Ran nan kowa da butarsa cike. Mma Fati ta aiko mani da ƙosai kwano guda, ta ce a gaya mani an ɗan sassaƙe gefen ƙofar, ta rufu. Ɗakin nan har yau yana tsaye, jikarta ce a ciki.

Amma fa na biya. Alhaji Seidu ya daina salla a masallacinmu, ya koma wani a Kotobabi, daga baya ma ya tare can. Masu ba da aiki da suka san ni ta hanyarsa suka janye, na yi kusan shekara biyu sai ƙananan gyare-gyare. A majalisa aka ce Garba butulu ne, ya ga kuskuren maigidansa ya yi shiru, ya jira sai jama'a ta taru ya tona shi don ya gaji aikin. Da na ce na same shi sau biyu a keɓe, wa zai shaida? Shi kaɗai ya sani, shi kuma bai faɗa ba. Ni ma na ga in na yi ta faɗa, ƙara tozarta shi zan yi, sai na haɗiye. In mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure in yi sallama, ya amsa iya abin da addini ya wajabta ya kau da kai. Yayanku da ya saba zuwa gidansa kowace salla ya karɓi sabuwar hula, ya daina zuwa, bai kuma tambaye ni dalili ba. Haka muka yi shekara goma sha ɗaya.

Da Allah ya nufe ni da zuwa Makka, na bi gida-gida neman gafara kamar yadda aka saba. Na bar nasa a ƙarshe don tsoro. Na same shi a Kotobabi a kan kujerar roba, ya tsufa ƙwarai, sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Na cire takalmi na durƙusa na ce, Baba, zan tafi ɗakin Allah, ban sani ba ko zan dawo, na zo ka yafe mani maganar da na faɗa maka. Ya ɗago kai ya ce:

"Garba Nijar, a ɗaki ka faɗa mani maganar?"

"A'a, Baba."

"To ba a ɗaki za a wanke shi ba. Gobe la'asar, masallacinku. Ka turo mota, ƙafana ba ya kai ni."

Na kwana da shirin shan kunya, na kuma yarda na cancanta. Washegari bayan an sallame, na miƙe na ce, jama'a, shekarun baya na ce wa wannan dattijo bai san ƙasa ba. Na yi ƙarya, na kuma yi rashin kunya. Rabin gidajen unguwar nan a kan tushen da ya haƙa suke tsaye, duk lomar da 'ya'yana suka ci da sana'ar da ya koya mani aka samo ta. Ina roƙonsa gafara a inda na ci mutuncinsa. Zan zauna ke nan sai ya buga sanda a ƙasa, ya ce a kama shi ya tashi.

"Na yafe. Amma ku tsaya, ni ma akwai nawa. Yaron nan ya zo wurina sau biyu kafin ranan. Na farko a ƙofan gidana, na yi masa dariya. Na biyu ya kawo bokiti, ya nuna mani yashi, na taɓa da hannuna, na san gaskiya ne. Girman kai ya hana ni. Kuna ce masa butulu ina ji, na yi shiru, don shirun yana mani daɗi. In ba don ya kashe injin nan ba, da jikokin Fati a wuyana suke. Wanda ya taɓa faɗan wancan magana, yau ya ji daga bakina."

Liman ya ɗaga hannu aka yi fatiha. Mutane suka yi ta zuwa suna ba mu hannu, wasu ba sa iya haɗa ido da ni, ni kuwa ban riƙe kowa ba.

Da aka watse ya ce in kai shi bayan masallaci. Na riƙe masa hannu har bakin rijiyar, ya zauna a kan dakali yana haki. Ya sa aka buɗe murfin, ya leƙa ya daɗe. Sannan ya ƙwanƙwasa dakalin da sanda ya ce kusurwar nan ta karkace, shekara ashirin da biyu yana koya mani banza. Na ce a yi haƙuri, Baba. Ya matsa gefe ya nuna mani wuri kusa da shi.

"Zauna. Shekara goma sha ɗaya ina tunanin abin nan, ba wanda zan tambaya. Ruwa mai sanyi, ba wuta a ƙasa. Me ya sa yashi ya tafasa?"

Na zauna, na fara masa tun daga dutsen da ake ɗagawa a cikin tafki. Yana tare ni da tambaya yana gardama, ina amsawa, har ladan ya zo ya ce mu matsa masa ya ja ruwan magariba.